Cocin unguwar Clapham: Yadda maƙwabta suka ja daga da cinikin bayi

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Clapham Common da ke kudancin birnin Landan, zai tarar da wani makeken fili mai ciyawa da itatuwa, inda samari ke buga ƙwallo, iyaye mata na tura jarirai a keke, tsofaffi kuwa na shan hantsi idan an yi sa'ar fitowar rana. A gefen filin, ba nisa da tashar, akwai wani ginin bulo mai 'yar hasumiya da agogo. Ba shi da girman da zai tsayar da baƙo, ba shi kuma da ƙawar manyan majami'un tsakiyar birni. Sunansa Cocin Holy Trinity, na ɗarikar Anglika, kuma yau ya kai shekara 250 ko kusa da haka yana tsaye a wurin.

A jikin bangonsa ta waje akwai wani allon dutse da aka sassaƙa sunayen wasu mutane. Ɓaraguzan bam na Yaƙin Duniya na Biyu sun farfasa fuskar allon, aka bar tabon yadda yake. Yawancin masu waɗannan sunaye maƙwabtan juna ne, a nan suke haɗuwa kowace Lahadi, kuma su ne suka yi ta kai gwauro suna kai mari a majalisar dokokin Birtaniya har aka haramta wa jiragen ruwan ƙasar jigilar bayi daga Afirka a 1807. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa ɗan Afirka ya nemi sanin labarin wurin. Sai dai labarin yana da fuska fiye da ɗaya, kuma abin da ya fi amfani ga mai karatu shi ne ya ga dukkan fuskokin, domin a cikinsu akwai amsar wata tambaya da ta shafi kowace al'umma: me wurin ibada yake tsinana wa unguwar da yake cikinta?

Cocin gunduma da nauyin da ke kansa

Kafin a shiga tarihin Clapham, ya kamata a fahimci tsarin da Cocin Ingila ke tafiya a kai. An yanka ƙasar Ingila gaba ɗaya zuwa ƙananan gundumomi na coci, sama da 12,000, ta yadda babu wani gida ko gona da ba ta faɗa cikin ɗaya daga cikinsu ba. Kowace gunduma tana da cocinta da limaminta, kuma nauyin da ke kan limamin ya haɗa da duk mai zaune a cikin iyakar, mai zuwa ibada da wanda bai taɓa leƙawa ba. Har gobe mazaunin gunduma yana da damar a ɗaura masa aure ko a yi masa jana'iza a cocin gundumarsa, ko da ba a san fuskarsa a wurin ba.

A zamanin da, wannan nauyi ya wuce na ibada. Dokar kula da matalauta ta 1601 ta ɗora wa kowace gunduma alhakin tara kuɗi daga masu hali domin ciyar da gajiyayyu da marayunta. Taron dattawan gunduma, wanda ake yi a wani ɗaki na cocin, shi ke duba gyaran hanya, shi ke naɗa mai tsaron gari, kuma a littattafan coci ake rubuta baftismar jarirai da aure da mutuwa. Ke nan cocin gunduma shi ne ƙaramar hukumar wancan lokaci. Sai a ƙarni na 19 gwamnati ta riƙa karɓe waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, tun daga sabuwar dokar matalauta ta 1834.

Clapham kuwa ƙauye ne a da, mil huɗu ko ƙasa da haka daga tsakiyar Landan, a tsallaken kogin Thames. Attajiran birni da suka gaji da hayaƙi da cunkoso da annoba suka riƙa gina manyan gidaje a kewayen filin, suna shiga birni da safe a keken doki su dawo da yamma. Da jama'a ta ƙaru, tsohon cocin ƙauyen ya yi musu kaɗan, ga shi ya tsufa, ga nisa da sababbin gidajen. A 1774 majalisa ta ba da izinin gina sabo a kan filin, aka ba wani mai zanen gine-gine da ake kira Kenton Couse aikin, aka buɗe shi a 1776, shekarar da Amurka ta yi shelar ɓallewa daga Birtaniya. Cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin akwai John Thornton, hamshaƙin ɗan kasuwa mai fatauci da ƙasar Rasha, wanda ya yi suna wajen kyauta.

Maƙwabtan da aka yi wa laƙabi da waliyyai

Shekarar 1792 ce ta sauya tarihin cocin. A shekarar aka naɗa John Venn limamin gundumar, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1813. A shekarar ce kuma Henry Thornton, ɗan wancan attajiri, mai banki kuma ɗan majalisa, ya sayi gida a Battersea Rise da ke gefen filin, ya gayyaci ɗan'uwansa kuma amininsa William Wilberforce su zauna tare. Wilberforce ya shiga majalisa tun 1780 yana ɗan shekara 21, yana da baiwar magana, kuma abokin Firayim Minista William Pitt ne na ƙut da ƙut.

Sannu a hankali wasu suka biyo su. Akwai James Stephen, lauya, wanda ya zauna a tsibiran Karibiyan ya ga yadda ake yi wa bayi shari'ar zalunci. Akwai Zachary Macaulay, wanda ya yi aiki a gonar rake a Jamaika yana matashi, daga baya ya zama gwamnan Saliyo, mutum mai riƙe alƙaluma a ka kamar littafi. Akwai Charles Grant na kamfanin da ke mulkin Indiya, da John Shore wanda ya taɓa zama gwamna janar a can. Abokan hamayyarsu a majalisa suna kiransu waliyyai don ba'a. Sunan da tarihi ya san su da shi yau, wato 'yan ɗarikar Clapham, ɗan James Stephen ne ya yaɗa shi a wani rubutu na 1844, bayan yawancinsu sun kwanta dama. A gaskiya ba su kafa wata ɗarika ba, ba su da rajista ko shugaba. Maƙwabta ne masu shiga gidajen juna ba tare da an yi musu iso ba, 'ya'yansu na wasa tare, suna auratayya, kuma ran Lahadi su zauna su saurari wa'azin mutum ɗaya.

A nan ƙarfinsu yake. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Kowane ɗayansu yana da abin da ya iya: wannan kuɗi, wancan doka, wani alƙaluma, wani kuma iya magana a gaban majalisa. Da a warwatse suke a faɗin ƙasa, da wuya su jure abin da suka jure. Zaman unguwa ɗaya da haɗuwar mako-mako suka sa wanda gwiwarsa ta yi sanyi yana da mai ƙarfafa shi, wanda ya yi alkawari kuma ya san ran Lahadi zai haɗu da wanda zai tambaye shi ina aka kwana.

Shekara kusan ashirin ana faɗuwa ana tashi

Abin da suka tunkara ba ƙarami ba ne. An ƙiyasta cewa 'yan Afirka kimanin miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka a tsawon zamanin wannan ciniki, kuma jiragen Birtaniya kaɗai sun ɗauki sama da miliyan 3. Arzikin biranen Liverpool da Bristol da Landan ya jingina da sukari da taba da audugar da bayi ke nomawa. Masu wannan dukiya suna da kujeru a majalisa, suna da abokai a fada.

Wilberforce ya yi jawabinsa na farko a kan batun a watan Mayun 1789. A 1791 aka kayar da ƙudurinsa da ƙuri'a 163 a kan 88. Juyin juya halin Faransa da yaƙin da ya biyo baya suka ƙara dagula al'amarin, domin duk mai maganar 'yanci a lokacin kallon ɗan tawaye ake yi masa. A 1796 ƙudurin ya faɗi da ratar ƙuri'a huɗu kacal, saboda wasu magoya bayansa sun tafi kallon wasa a daren. Duk da haka kusan kowace shekara sai ya sake kawo shi. A 1806 James Stephen ya kawo dabarar lauya: aka gabatar da dokar hana 'yan Birtaniya kai bayi yankunan abokan gaba, a matsayin matakin yaƙi da Faransa, wanda ba mai iya ja da shi ba tare da an zarge shi da rashin kishin ƙasa ba. Wannan doka ta datse babban kaso na cinikin. A watan Fabrairun 1807 majalisar wakilai ta amince da haramcin gaba ɗaya da ƙuri'a 283 a kan 16, sarki ya sa hannu a ranar 25 ga Maris.

Haramta jigilar bayi daban, 'yanta waɗanda ke cikin bauta daban. Wannan na biyu ya ƙara cin shekara 26. Sai a 1833 aka zartar da dokar da ta 'yanta bayi kimanin 800,000 a yankunan Birtaniya, kuma Wilberforce ya rasu a ranar 29 ga Yuli na shekarar, kwana uku bayan an kawo masa labarin cewa dokar za ta wuce.

Adalci ne a faɗa cewa ba mutanen Clapham kaɗai suka yi wannan aiki ba. 'Yan ɗarikar Kwaka sun riga su farawa. Thomas Clarkson ya karaɗe tashoshin jiragen ruwa yana tattara shaidu. Olaudah Equiano, wanda ya ɗanɗana bauta da kansa, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1789, ya zaga ƙasar yana magana. Dubban iyalai sun ƙaurace wa sukari. Sama da duka, bayin da kansu ba su zauna jiran a tausaya musu ba: tawayen Haiti da ya fara a 1791 da na Jamaika na 1831 sun nuna wa masu mulki cewa tsarin ba zai ɗore ba. Rabon mutanen Clapham shi ne naci a cikin majalisa, inda ake rubuta doka.

Mai sayar da bayi ma a nan yake ibada

Ga wata fuskar da allon bango bai nuna ba. A gefen wannan fili dai, akwai gidan George Hibbert, ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwar da ke hulɗa da gonakin Jamaika, kuma jigo a cikin masu kare cinikin bayi. Shi ma a wannan coci yake ibada. A 1807 yana majalisa, ya miƙe ya yi magana a kan ƙudurin maƙwabcinsa. Ke nan mutanen da ke kai ruwa rana da juna a majalisa a tsakiyar mako, rufi ɗaya ke rufe su ran Lahadi, littafi ɗaya ake karanta musu, kowa kuma ya koma gida da fahimtarsa.

Hibbert ya sha kaye a 1807, amma hujjarsa cewa bawa dukiya ce, kuma ba a ƙwace dukiya ba tare da diyya ba, ita ta yi nasara a ƙarshe. Dokar 1833 ta ware fam miliyan 20 don biyan masu bayi, shi ma ya karɓi rabonsa. Waɗanda aka bautar ba su sami ko anini ba, har ma aka tilasta musu ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki da sunan koyon sana'a zuwa 1838. Shi kansa Cocin Ingila hannunsa bai fita ba: wata ƙungiyarsa ta mishan ta mallaki gonakin rake da bayi a tsibirin Barbados, abin da babban taron cocin ya nemi gafara a kansa a 2006. A 2023 kuma hukumar da ke kula da dukiyar cocin ta yi alkawarin ware fam miliyan 100 bayan bincikenta ya nuna cewa wani tsohon asusunta ya zuba jari a kamfanin da ke jigilar bayi.

Darasin a fili yake. Zama a wurin ibada ba ya wanke mutum daga son zuciya, kuma nassi ɗaya kan fito da mutum biyu masu hannun riga da juna. Abin da ya raba Wilberforce da Hibbert shi ne abin da kowannensu ya yarda ya rasa.

Gida bai ƙoshi ba

Ta fuskar unguwa, John Venn bai yi barci ba. Ya kafa ƙungiyar kyautata halin matalautan Clapham, aka rarraba gundumar shiyya-shiyya, kowace shiyya da masu ziyartar gidajen mabuƙata su ga halin da suke ciki. Ya kula da karatun yara. Henry Thornton kuwa, kafin ya yi aure, kashi shida cikin bakwai na abin da yake samu kyautar da shi yake yi, bayan aure ya mayar da shi kashi ɗaya cikin uku. Kuɗinsa da na Wilberforce ne suka tallafa wa makarantun da Hannah More ta buɗe wa 'ya'yan talakawa a ƙauyukan yammacin Ingila.

Amma tun suna raye aka yi musu gorin cewa idonsu na hango wahalar da ke bayan teku, ba ya ganin ta bakin ƙofa. Gorin yana da tushe. Wilberforce ya goyi bayan dokar 1799 da ta hana ma'aikata haɗa kai su nemi ƙarin lada. Bayan sojojin doki sun afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe a Manchester a 1819, ya mara wa gwamnati baya a kan dokokin da suka ƙara taƙaita taro da rubutu. Ɗan jarida William Cobbett ya yi ta caccakarsa a kan halin da ma'aikatan masaƙu ke ciki. A ganin mutanen Clapham, talaka abin a taimaka masa ne, a gyara masa hali, amma ba abin a ba shi murya ba. Ko a cikin coci, al'adar zamanin ita ce masu hali su yi hayar bencinsu na gaba, talaka ya nemi inda ya samu.

Akwai kuma labarin yaran Saliyo. A 1799 Zachary Macaulay ya dawo da yara fiye da ashirin, aka buɗe musu makaranta a Clapham domin su yi karatu su koma su yi wa ƙasarsu aiki. An yi wa wasunsu baftisma a wannan coci. Sanyin Ingila da cututtukanta suka yi ta ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan shekaru makarantar ta watse. An yi niyyar alheri, amma 'ya'yan wasu ne suka biya kuɗin kuskuren, kuma ƙasar Clapham ce ta rufe wasunsu.

Zaren da ya iso ƙasar Hausa

Mai karatu na iya cewa duk wannan labarin Turawa ne. To, ga inda ya taɓo mu. A ranar 12 ga Afrilun 1799, John Venn ya shugabanci wani taro a Landan inda aka kafa ƙungiyar mishan da aka sani da CMS, Henry Thornton ya zama ma'ajinta. Bayan dokar 1807, jiragen yaƙin Birtaniya suka riƙa tare jiragen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma suna sauke mutanen a Freetown. A cikin waɗanda aka sauke akwai Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa da Barebari. A bakinsu ne wani malamin CMS, Sigismund Koelle, ya tattara kalmomin harsunan Afirka sama da ɗari ya wallafa a 1854, kuma babban malaminsa na Barbarci wani ɗan Barno ne mai suna Ali Eisami.

A cikinsu kuma akwai wani yaro Bayarabe, Ajayi, da aka ceto a 1822, wanda duniya ta sani da Samuel Ajayi Crowther. A 1841 ya bi ayarin da ya shigo kogin Kwara tare da James Schön, Bajamushen da ya duƙufa a kan Hausa, ya wallafa nahawunta a 1862 da ƙamusunta a 1876, da taimakon Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin wannan, amma aikin Schön na cikin tubalan farko na rubuta Hausa da baƙaƙen da ake karanta wannan shafi da su. Wanda ya tsaya kai da fata har aka naɗa Crowther bishop a 1864, baƙar fata na farko a ɗarikar Anglika, shi ne sakataren CMS Henry Venn, ɗan limamin Clapham, wanda a unguwar aka haife shi a 1796. Jikan Crowther ta wajen uwa shi ne Herbert Macaulay, jagoran 'yan kishin ƙasar Najeriya na farko.

A 1900 wani ayarin CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya umarce su da su fice. A cikin ayarin akwai likita Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a birnin Zariya, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Shi ne kan gaba a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932, kuma ƙungiyar da ta buga ta, John Shore na Clapham ne shugabanta na farko a 1804. Wusasa, wadda ita ma unguwar bayan gari ce mai coci da makaranta da asibiti, ta fitar da Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon. Ra'ayi ya bambanta a kan aikin mishan da dangantakarsa da mulkin mallaka, kuma kowa na da hujjarsa. Abin da ba a gardama a kai shi ne cewa zaren ya taso daga waccan unguwa. Kada kuma mu manta, laifi tudu ne: bauta ta daɗe a ƙasarmu ma, kuma sai a 1936 doka ta kammala soke ta a Arewacin Najeriya.

Baƙin da suka kwana a ƙarƙashin filin

Birni ya ci gaba da faɗaɗa har ya haɗiye Clapham. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso a 1900, attajirai suka yi gaba, aka rushe manyan gidaje aka jera ƙanana, gidan Thornton ma bai tsira ba. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka lalata cocin, sai bayan yaƙi aka gyara shi.

A watan Yunin 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya iso Ingila ɗauke da ɗaruruwan 'yan Karibiyan masu neman aiki, jikokin mutanen da aka yi wancan dogon faɗa a kansu. Fiye da 200 daga cikinsu ba su da masauki, aka saukar da su a wani ramin fakewa daga bam da aka haƙa lokacin yaƙi a kudancin filin Clapham. Daga nan suke takawa zuwa ofishin neman aiki na Brixton, abin da ya sa unguwar ta zama cibiyar baƙaƙen fata a Landan. Da yawa daga cikin 'yan Karibiyan da suka zo a waɗannan shekaru 'yan Anglika ne tun daga gida, amma a majami'u da dama na Ingila fuska a murtuke aka tarbe su, wasu ma aka ce kada su dawo. Sai a watan Fabrairun 2020 babban taron Cocin Ingila ya nemi gafara a kan wannan wariya. Cocin da ke alfahari da 'ya'yansa da suka yi yaƙi domin baƙar fatar da ke nesa, ya sha wuya wajen matsa wa wanda ya zo kusa a benci.

Yau ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun koma kashi 46 cikin ɗari, daga kashi 59 a 2011, kuma masu zuwa Cocin Ingila a mako ba su kai miliyan ɗaya ba. Duk da haka cocin gunduma bai fita daga rayuwar unguwa ba. Yara kimanin miliyan ɗaya ke karatu a makarantun Cocin Ingila, kuma a ɗakunan taron majami'u da yawa ake raba abinci ga mabuƙata, ake ba marasa gida makwanci a lokacin hunturu, ba tare da an tambayi addininsu ba. Cocin Holy Trinity na nan ana ibada a cikinsa, agogonsa na kallon filin.

Abin da ya rage mana

Garuruwanmu cike suke da wuraren ibada, masallatai da majami'u, kusan kowane layi. A cikin masu halartarsu akwai lauya da likita da ɗan kasuwa da ɗan majalisa, maƙwabtan juna, masu haɗuwa fiye ma da sau ɗaya a mako. Ke nan abin da mutanen Clapham suka mallaka, mu ma muna da shi. Abin da suka ƙara a kai shi ne sun zaɓi zalunci guda, suka raba aiki a tsakaninsu gwargwadon abin da kowa ya iya, suka yarda su faɗi shekara bayan shekara ba tare da sun watse ba. Inda suka gaza kuma ya isa gargaɗi: sun ji kukan nesa, na kusa ya sha musu kai.

Saboda haka duk kwamitin da ke shirin ƙara tsawon hasumiya ko sauya tayil, yana da kyau ya fara zagaya layukan da ke kewaye da shi, ya ƙirga yaran da ba sa zuwa makaranta, da zawarawan da ke kwana da yunwa, da 'yan aikin gidan da ba a biya haƙƙinsu ba, wataƙila ma a gidajen masu zama a sahun gaba. Ginin Clapham na bulo ne kawai, kuma da a kan kyansa za a tuna da shi, da tuni an manta. Allah Ya sa idan an zo rubuta tarihin unguwanninmu, a sami abin da za a ce wuraren ibadarmu sun yi wa maƙwabtansu.